Tartsatsin oksijin a jikin ɗan'adam: Me ya sa auna shi ke ba masana wahala?

A shekarar 2014, mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa wani bincike da ya ja hankalin jaridu a ƙasashe da dama. Wasu masana a birnin Bejin na ƙasar Sin sun ce sun gano hanyar hasashen tsawon rayuwar wata 'yar tsutsa tun tana kan ƙuruciyarta.

Tsutsar, wadda ake kira C. elegans, tsawonta kimanin milimita ɗaya ne, kuma takan yi mako biyu zuwa uku a duniya. Masanan sun sa jikinta ya riƙa ƙera wani furotin mai haske da ake kira cpYFP, sannan suka zuba mata ido ta madubin ƙara girma. Sai suka ga wasu ɗigo-ɗigo a cikin ƙwayoyin halittarta suna walƙiya jefi-jefi. Tsutsar da walƙiyarta ta fi yawa a rana ta uku da balagarta, ita ce ke riga 'yan'uwanta mutuwa.

Tun a 2008 ayarin Heping Cheng ya bayyana cewa wannan walƙiya alama ce ta ɓarkewar sufaoksaid, wani sinadari mai ɓarna da ke fitowa daga mitokondiriya. Idan haka ne, to an samu hujjar gani da ido cewa wannan sinadari yana da hannu a tsufa.

Kafin shekarar ta ƙare, masana fiye da 20 daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Markus Schwarzländer na Jamus, suka aika wa mujallar martani. Sun tace furotin ɗin shi kaɗai, suka haɗa shi da sufaoksaid a kwalbar gwaji, haskensa bai motsa ba. Abin da ke sauya hasken shi ne sauyin pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Walƙiyar gaskiya ce, amma a cewarsu abin da take nunawa shi ne cikin mitokondiriya ya ɗan karkata ga kanwa na wasu daƙiƙoƙi.

Ayarin Bejin ya kare matsayinsa, aka ci gaba da muhawara. Sai dai wannan taƙaddama ta fito da wata matsala da masu wannan fanni suka daɗe suna kuka da ita: dubban takardun bincike suna cewa tartsatsin oksijin ya ƙaru ko ya ragu, alhali ma'aunin da aka yi amfani da shi wani abu dabam yake aunawa.

Mene ne tartsatsin oksijin?

Mitokondiriya wasu ƙananan jakunkuna ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu. A cikinsu ne abincin da muka ci da iskar oksijin da muka shaƙa ke haɗuwa su zama ƙarfin da tsoka da ƙwaƙwalwa da zuciya ke aiki da shi.

Aikin yana tafiya ne kamar yadda magina ke miƙa wa juna bulo hannu da hannu. Ana zare ilektiron daga abinci, wasu manyan furotin da ke jere a bangon ciki na mitokondiriya su riƙa miƙa wa juna, har ya isa tasha ta huɗu, inda ake haɗa shi da oksijin ya zama ruwa. Wani lokaci ilektiron ɗaya yakan suɓuce a hanya, galibi a tasha ta ɗaya ko ta uku, ya faɗa kan oksijin tun lokaci bai yi ba. Abin da ke fitowa daga nan shi ne sufaoksaid.

Jiki yana da maganinsa. A 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke a Amurka suka gano wani inzayim mai suna SOD, wanda ke mayar da sufaoksaid zuwa haidirojin feroksaid cikin gaggawa. Wannan na biyun shi ne ruwan nan mai kumfa da ake sayarwa a kemis don wanke ciwo, sai dai wanda ke cikin ƙwayar halitta ya fi na kwalba sirki sau miliyoyi. Idan kuma haidirojin feroksaid ya gamu da sinadarin ƙarfe, sai ya haifar da haidiroksil, wanda ke ƙona duk abin da ya taɓa.

Waɗannan da danginsu ne masana ke tarawa ƙarƙashin haruffan ROS, mu kuma za mu kira su tartsatsin oksijin. Tun 1956 Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa ɓarnar irin waɗannan sinadarai ce ke tsufar da mu, a 1972 kuma ya nuna yatsa ga mitokondiriya. Daga nan ne kalmar antioksidan, wato mai kashe tartsatsi, ta shiga tallar magunguna da shayi da mayukan shafawa.

Inda gizo ke saƙar

Wahala ta farko ita ce gajartar rayuwarsu. Haidiroksil ba ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa kafin ya auka wa wani abu ya ɓace. Sufaoksaid kuwa SOD na cinye shi kusan da zarar an haife shi. Ba yadda za a yi a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji a ƙirga su kamar yadda ake auna sukari.

Don haka dole a bi ta bayan gida. Ana zuba wani sinadari, galibi rini, wanda zai sauya launi ko ya yi haske idan tartsatsin ya taɓa shi. Mai bincike ba tartsatsin yake gani ba, sawunsa yake gani a jikin rini. Matsalar ita ce akwai wasu abubuwa da dama a cikin ƙwayar halitta da ke barin sawu iri ɗaya.

Wahala ta biyu ita ce sunan da ya haɗe su. Sufaoksaid ba ya iya ratsa bangon mitokondiriya da sauƙi, haidirojin feroksaid yana ratsawa, kuma ƙwayoyin halitta suna amfani da shi wajen aika wa juna saƙo. Haidiroksil ɓarna ce zalla. Wanda ya ce ROS ya ƙaru bai faɗi wanne ba, kamar likitan da ya ce akwai ƙwari a ɗaki ne, bai ce sauro ba ne ko kyankyaso.

Alƙaluman da suka yi shekaru suna yawo

A farkon shekarun 1970, Britton Chance da Alberto Boveris a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa mitokondiriyar da aka ciro daga hantar ɓera da zuciyar tattabara tana fitar da haidirojin feroksaid. Daga ayyukansu ne aka samo alƙaluman da suka cika littattafai: wai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na oksijin da mitokondiriya ke amfani da shi yana komawa tartsatsi.

Gwajin nasu ba shi da aibu a matsayinsa na gwajin kwalba. Kuskuren na waɗanda suka ɗauki adadin suka ɗora wa jikin mai rai ne. A kwalba, mitokondiriya tana ninkaya cikin ruwan da ya ƙoshi da iskar ɗaki, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, alhali a yawancin sassan jiki oksijin bai kai rabin haka ba. Ana kuma cika mata abinci fiye da ƙima, wani lokaci a zuba guba irin su antimaisin don a toshe layin ilektiron, yoyon ya ƙaru har a iya gani. A 2002 ayarin Martin Brand a Kambirij ya sake gwajin da wani nau'in abinci, ya samu kimanin kashi 0.15 cikin 100. A 2009 Michael Murphy, shi ma na Kambirij, ya rubuta cewa ba za a iya ɗaukar adadin kwalba a ce shi ne na jiki ba.

Har yau gwajin mitokondiriyar da aka ciro yana cikin hanyoyin da aka fi amincewa da su, kuma rinin da aka fi amfani da shi shi ne Amplex Red. Ana haɗa shi da wani inzayim na saiwar tsiro, idan haidirojin feroksaid ya fito sai rinin ya koma jan sinadari mai haske. Ana iya ƙididdige shi da kyau, domin ana gwada na'urar da adadin da aka sani tun farko.

Shi ma yana da tarkonsa. Hasken fitilar na'urar kaɗai yana iya juya rinin. A 2016 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka gano cewa mitokondiriyar hanta tana ɗauke da wani inzayim da ke juya Amplex Red kai-tsaye, ko babu ɗigon haidirojin feroksaid. Wanda bai toshe wannan inzayim ba zai ɗauka hanta tana zubar da tartsatsi ne. Bayan haka, abin da rinin ke gani shi ne ragowar da ta tsere wa masu shara na cikin mitokondiriya, ba jimillar abin da aka haifa ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Idan aka koma ƙwayoyin halitta masu rai, rinin da ya fi kowanne farin jini shi ne DCFH. Yana da arha, yana da sauƙin amfani, yana ba da koren haske mai kyau a hoto. Takardu da yawa suna kiran wannan haske ma'aunin haidirojin feroksaid.

Sai dai DCFH ba ya haɗuwa da haidirojin feroksaid kai-tsaye. Yana buƙatar ɗan tsakiya, kamar ƙarfe ko wani furotin mai ɗauke da ƙarfe. Idan ƙarfen da ke sake a cikin ƙwayar halitta ya ƙaru, haske zai ƙaru ko da tartsatsi yana nan yadda yake. Haka kuma idan ƙwayar halitta ta kama hanyar mutuwa, mitokondiriya tana sakin wani furotin mai suna saitokurom c, shi kuma yana haska rinin. Mai bincike zai ga kore ya ce tartsatsi ne ya kashe ƙwayar, alhali mutuwar ce ta kawo koren. Mafi muni, rinin da kansa yana haifar da sufaoksaid yayin da yake juyawa, wato ma'auni yana ƙera abin da aka aike shi ya auna.

Don a shiga cikin mitokondiriya kanta, an ƙera MitoSOX, wanda aka bayyana a 2006. An liƙa masa wata jela mai cajin lantarki wadda ke jan shi zuwa ciki, inda yake taruwa ninki ɗaruruwa. Idan ya juya yana ba da jan haske.

Tarkonsa uku ne. Na farko, ayarin Balaraman Kalyanaraman a jihar Wisconsin ta Amurka ya nuna cewa wannan dangin rini yana haifar da jajayen sinadarai iri biyu. Ɗaya sufaoksaid ne kaɗai ke samar da shi, ɗayan kuwa abubuwa da dama suna samar da shi, kuma haskensu ya yi kama ƙwarai. Madubin ƙara girma ba ya raba su yadda ya kamata. Sai an niƙe ƙwayoyin an tace su a na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC kafin a san nawa ne na gaske.

Na biyu, yawan rinin da ke shiga ya dogara ne da cajin bangon mitokondiriya. Maganin da ya rage cajin zai rage shigar rini, haske ya ragu, a yi zaton maganin ya kashe tartsatsi. Na uku, a 2015 masu bincike a Jami'ar Maryland suka nuna cewa idan rinin ya ɗan yi yawa, yana lalata aikin mitokondiriyar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, har ya hana tasha ta huɗu aiki.

Sababbin ma'aunai

Wannan bai sa masana sun naɗe hannu ba. A 2006 Vsevolod Belousov da abokan aikinsa a Mosko suka ƙera HyPer, wani furotin mai haske da aka haɗa da ɓangaren da ƙwayar bakteriya ke jin haidirojin feroksaid da shi. Ana iya umartar ƙwayar halitta ta ƙera shi ta ajiye a cikin mitokondiriya. Na farkon yana da irin raunin cpYFP, sauyin pH yana ruɗa shi, shi ya sa ake gwada shi tare da tagwansa da aka kashe wa jin tartsatsi. Idan dukansu biyu suka haska, an san pH ne. A 2020 aka fito da HyPer7, wanda pH ba ya damun sa.

Don dabba mai rai kuwa, ayarin Murphy ya fito da MitoB a 2011. Ana yi wa dabba allurarsa, ya taru a mitokondiriya, haidirojin feroksaid ya mayar da wani kaso zuwa MitoP. Daga baya a auna adadin biyun a na'urar auna nauyin sinadarai a kwatanta. Da yake kwatantawa ake yi, bambancin yawan abin da ya shiga ba ya ɓata lissafi sosai. Amma shi ma wani sinadarin mai suna feroksinaitirait yana juya shi, kuma abin da yake bayarwa jimillar sa'o'i ce.

Gwajin farko da aka yi da shi a jikin ƙudan 'ya'yan itace ya nuna haidirojin feroksaid yana ƙaruwa da tsufa, amma rage wa ƙudan abinci, wanda ke tsawaita rayuwarsa, bai rage shi ba. A 2014 kuma ayarin Kambirij ya yi amfani da hanyoyi da dama, har da MitoB, ya gano abin da ke faruwa idan jini ya yanke wa zuciya sannan ya dawo. Wani sinadari mai suna saksinet yana taruwa lokacin yankewar. Da oksijin ya dawo sai a ƙone shi da sauri, ilektiron su koma da baya zuwa tasha ta ɗaya, tartsatsi ya ɓarke cikin mintuna na farko. Da suka hana taruwar saksinet a jikin ɓeraye, ɓarnar zuciyar ta ragu. Irin wannan sakamako, mai faɗin wuri da lokaci da dalili, shi ne ake iya gina magani a kansa.

Garin neman gira

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar ɗakin gwaji ce. Sai dai ta isa aljihun jama'a da jikinsu tuntuni. Bisa imanin cewa tartsatsi duka ɓarna ne, an gudanar da manyan gwaje-gwajen ba mutane ƙwayoyin antioksidan.

A Finland an gwada maza masu shan sigari fiye da 29,000. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin masu shan bita-karotin. A Amurka an dakatar da makamancin gwajin a 1996 kafin wa'adinsa, bayan an ga ƙarin kashi 28 cikin 100. A 2011 wani gwajin da ya ƙunshi maza fiye da 35,000 ya nuna shan bitamin E ya ƙara haɗarin kansar furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. A 2009 kuma Michael Ristow na Jamus ya ba samari masu motsa jiki bitamin C da E, sai ya ga ƙwayoyin sun hana su samun wani ɓangare na amfanin motsa jikin a kan yadda jiki ke sarrafa sukari. Ashe ɗan tartsatsin da tsoka ke fitarwa yana cikin saƙon da ke sa jiki ya ƙara ƙarfi.

Ba za a ɗora wa rini laifin wannan duka ba, dalilan suna da yawa. Amma an shiga waɗannan gwaje-gwaje ba tare da hanyar sanin ko ƙwayar da aka haɗiya ta isa mitokondiriya ba, balle a san wane tartsatsi ta rage. Wannan kuma bai shafi cin ganye da 'ya'yan itace ba, haka nan bai shafi bitamin da likita ya rubuta wa mai ƙarancinsa ba.

Abin da ɗalibi da mai saye za su tambaya

A sassan nazarin sinadaran jiki da haɗa magunguna na jami'o'inmu, aikin kammala karatu da aka saba gani shi ne gwada ganye ko saiwa ko sassaƙe don a ga ko yana da ƙarfin antioksidan. Gwaje-gwaje biyu ne suka fi yawa. A na farko ana zuba tsimin ganyen cikin wani shuɗin sinadari mai ratsin ja da ake kira DPPH, a ga ko zai koɗe. DPPH kuwa haɗin ɗakin gwaji ne, babu shi a jikin ɗan'adam. A na biyu, TBARS, ana dafa jini ko niƙaƙƙiyar hantar ɓera da sinadari mai tsami har ta yi ruwan hoda, a ce launin ma'aunin kitsen da tartsatsi ya lalata ne. Amma sukari da wasu abubuwa ma suna ba da launin, kuma wani kaso na abin da ake aunawa a lokacin dafuwar yake samuwa.

Waɗannan gwaje-gwaje suna da amfani a matsayin matakin farko, kuma sau da yawa su ne kuɗi da kayan aiki suka ba da dama a yi. Matsalar tana zuwa ne a shafin ƙarshe, inda za a rubuta cewa ganyen yana kare mitokondiriya ko yana maganin kansa, daga nan maganar ta koma bakin mai talla a rediyo da kasuwa.

A 2022 manyan masanan fannin, ciki har da Murphy da Belousov da Barry Halliwell, suka fitar da ƙa'idoji na haɗin gwiwa a mujallar Nature Metabolism. Sun buƙaci mai bincike ya ambaci sunan sinadarin da yake nufi maimakon ya tsaya ga ROS. Sun ce a tabbatar da kowane sakamako ta wata hanya dabam da ba ta da raunin ta farko, kuma a san yadda rinin ke aiki kafin a yarda da haskensa. Sun ja kunne game da akwatunan gwaji na kasuwa da kamfani bai bayyana abin da ke ciki ba. Sun kuma yi gargaɗi kan NAC, sinadarin da ake yawan zubawa a ce an share tartsatsi, domin haɗuwarsa da haidirojin feroksaid tana da nawa ƙwarai, kuma yana da wasu ayyukan a cikin ƙwayar halitta.

Saboda haka duk wanda aka kawo masa labarin wani shayi ko ƙwaya ko ganye da ke yaƙar tartsatsin oksijin, yana da tambayoyi huɗu. Wane tartsatsi ake nufi? A ina aka auna shi, a kwalba ko a ɓera ko a jikin mutum? Da wane ma'auni? Shin an sake gwadawa ta wata hanyar? Ɗalibin da ke rubuta kundinsa shi ma waɗannan tambayoyi ne zai yi wa kansa kafin ya rubuta babin ƙarshe, ya faɗi abin da gwajinsa ya nuna, ya tsaya a nan.